Yadda Za Ka Zaɓi Harshen Waje Da Zai Amfane Ka, Da Wanda Ya Kamata Ka Jinkirta

Yawancin waɗanda suka fara koyon harshen waje suka watsar, tun wurin zaɓe suka samu matsala. Wani ya ga abokinsa ya samu gurbin karatu a Turkiyya sai ya rungumi Turkanci, wata finafinan Koriya ne suka ja ta, wani kuma an ce masa kasuwar duniya ta koma hannun Sin. Bayan wata biyu sai a nemi ɗokin nan a rasa, domin babu wanda za a yi magana da shi, ba a kuma sa ranar da za a yi amfani da abin da ake koyo ba. Son harshe yana da amfani ƙwarai, shi ne zai zaunar da kai kan darasi ranar da ka gaji. Amma kafin ka kashe kuɗin data da na malami, akwai lissafin da ya kamata ka yi a takarda.

Fara da rubuta jimla ɗaya tak: me za ka yi da harshen, a ina, kuma yaushe. "Ina so in iya Faransanci" buri ne kawai. "Ina so nan da wata goma sha takwas in iya cike takardun kwastan a Kwatano, in yi ciniki ba tare da tafinta ba" shi ne abin da za a iya aiki da shi. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, to harshen na sha'awa ne. Babu laifi a hakan, sai dai ka san matsayinsa, kada ka ba shi lokacin da ya kamata ka ba wanda zai buɗe maka ƙofar karatu ko ta abinci.

Sai ka bincika ko abin da kake nema yana buƙatar takardar shaida, da kuma matakin da ake so. Harsunan Turai ana auna su da mataki shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Mai A2 zai gaisa, ya tambayi hanya, ya sayi abu a kasuwa. Mai B1 zai iya ba da labarin abin da ya same shi jiya, ya yi wa likita bayanin ciwonsa. Daga B2 ne mutum yake iya zama a aji ko a taron ofis ya bi abin da ake yi. Ɗan kasuwa B1 ta ishe shi, ɗalibi kuwa in bai kai B2 ba zai sha wuya ko da an ba shi gurbin.

Lissafin awoyi

Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta daɗe da fitar da ƙiyasin lokacin da mai jin Ingilishi yake buƙata kafin ya iya aiki da harshe. Faransanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal suna cin awa 600 zuwa 750 a aji. Jamusanci wajen awa 900. Turkanci da Rashanci da Indiyanci wajen awa 1,100. Larabci da Sinanci da harsunan Japan da Koriya kuwa wajen awa 2,200. Wannan lokacin aji ne kaɗai, ban da bitar gida.

Yanzu auna da rayuwarka. Mai ba da awa ɗaya kullum, kwana shida a mako, yana tara kimanin awa 300 a shekara. Ke nan Faransanci zai ɗauke shi shekara biyu zuwa biyu da rabi, Sinanci kuma shekara bakwai in bai ƙara ƙaimi ba. Ba don a kashe wa kowa gwiwa ake faɗin wannan ba, sai don kada wani ya ruɗe ka da tallar "iya harshe cikin kwana talatin". Abu ɗaya da za ka gyara a wannan ƙiyasi shi ne Larabci: an yi lissafin ne da wanda bai taɓa ganin alif ba. Bahaushen da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya riga ya wuce wahalar baƙaƙe, kunnensa ya saba da lafazin, ga ɗimbin kalmomin Larabci da yake furtawa kullum cikin Hausarsa.

Turanci tukuna

Ga ɗan Najeriya ko Ghana, gyara Ingilishin da ake da shi ya fi ɗauko sabon harshe riba. Mutum zai gama digiri amma rubuta wasiƙar neman aiki mai shafi ɗaya ta gagare shi, sai kuma ya tafi koyon Jamusanci. Ga shi kuwa yawancin littattafai da manhajojin koyon sauran harsuna da Ingilishi ko Faransanci suke bayani, don haka rauninsa zai bi ka duk inda ka nufa. Jarrabawar IELTS, wadda ake auna ƙwarewar Ingilishi da ita, ana ba da makinta har zuwa 9, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana neman 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Ɓangaren rubutu ne ke kayar da mutanenmu, saboda an saba da haddace amsa, ba a saba da gina hujja sakin layi bayan sakin layi ba. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da ya riga ya iya Faransanci, shi kam ba ya buƙatar dogon tunani: Ingilishi ne na gaba.

Faransanci

A ganinmu, ga Bahaushen Najeriya da Turancinsa ya zauna, babu harshen da ya kai Faransanci saurin biyan wahalarsa. Duk ƙasashen da suka yi iyaka da Najeriya ta ƙasa, wato Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, da shi ake aikin ofis. Ko bayan da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki tare da Ingilishi. Bankin Raya Afirka da ke Abidjan, da Hukumar Tafkin Chadi da ke Injamena, da ECOWAS, da ƙungiyoyin agaji na yankin Sahel, duk suna fifita mai jin harsunan biyu.

Sai dai a bambanta buƙata. Mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni, Hausarsa ta ishe shi ciniki. Inda Faransanci yake shigowa shi ne takarda: duwan (wato kwastan), jandarma, rasit, asibiti, banki. Irin wannan mutum ya fi buƙatar karatu da lambobi fiye da hira. Kuma lambobin nan ne tarkon farko. Bafaranshe ba ya da kalma guda ta saba'in, sittin da goma yake cewa. Tamanin kuma ashirin sau huɗu, casa'in da bakwai ta zama ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Ƙari a kan haka, a kasuwar Nijar da dala ake ƙirga sefa, kowace dala faran biyar ce. Abin da aka rubuta 500 a takarda, a baki dala ɗari ne, 1,000 kuma jikka. Wanda bai zauna ya horar da kansa da wannan juyi ba, a gaban mai kaya zai rikice. Ka sa wani ya riƙa kira maka farashi cikin sauri kana rubutawa, minti goma kullum, har tsawon mako biyu.

Sauƙin da Bahaushe yake samu shi ne jinsi. Mun saba da cewa riga "ce", wando "ne", don haka ba ma mamakin harshen da ya raba kayan ɗaki zuwa namiji da mace. Amma jinsin nasu ba ya bin namu. Rana a wurinsu namiji ce, wata kuma mace. Maganinsa shi ne kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai, ka haddace shi tare da "le" ko "la" ɗinsa tun ranar farko.

Wahalarmu ta ainihi a lafazi take. Hausa ba ta raba "p" da "f", ba ta kuma da "v". A Faransanci "pain" burodi ne, "faim" yunwa. Ka tsaya gaban madubi: wurin "p" leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan su buɗe, wurin "f" haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, "v" kuma wurinsu ɗaya da "f" sai dai maƙogwaro yana rawa. Wannan atisaye zai gyara maka Ingilishinka ma. Akwai kuma wasalin "u" nasu, wanda ake samu idan ka furta "i" sannan ka turo baki gaba ba tare da harshe ya motsa ba. Shi ne ya raba "dessus", a sama, da "dessous", a ƙasa.

Wurin koyo ba ya wuya. Akwai Alliance Française a Kano da Kaduna da Jos da wasu birane, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagry. Cikin takardun shaidar iya Faransanci, na DELF da DALF ba sa mutuwa, na TCF da TEF kuwa shekara biyu suke yi. Mai neman Kanada sai ya zauna TCF ko TEF, ya kuma tabbatar nau'in Kanada ya zauna, domin ofishin shige da ficensu ba ya karɓar DELF wurin neman izinin zama na dindindin.

Larabci

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar Larabci a matsayin abu guda. Akwai fusha, harshen Alƙur'ani da littattafai da huɗuba da labaran rediyo. Akwai kuma ammiyya, wanda ake magana da shi a gida da kasuwa, kuma kowace ƙasa da nata. "Ina so" a fusha "uridu" ne, ɗan Saudiyya "abga" zai ce, Bamisire "ayiz", ɗan Sudan "dayir". Ɗalibin da ya sauke Ajuruma har ya shiga Alfiyya zai iya sauka Jidda ya kasa gane abin da direban tasi yake faɗa, ba don karatunsa ya gaza ba, sai don wani abu daban aka koya masa.

Saboda haka ka koma ga jimlar da ka rubuta. Idan addini ne ko neman gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko Azhar, ko jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, to fusha ne. Idan aikin asibiti ne ko shago ko tuƙi a ƙasashen Larabawa, ka samu ginshiƙin fusha na wata shida zuwa shekara, sannan ka karkata ga karin ƙasar da za ka. Mai harka da Injamena ko Kusiri, Larabcin Chadi yake buƙata, kuma malamansa suna nan kusa: Larabawan Shuwa na Borno.

Hanyarmu ta zaure tana ba da nahawu mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Abin da take bari a baya shi ne baki da kunne. Malami yana karantawa yana fassarawa da Hausa, ɗalibi yana saurare, shekaru su wuce bai taɓa haɗa jimlar kansa ba. Gyaran shi ne kowane babin nahawu da ka ɗauka ka fitar da jimla goma taka ta kanka, ka faɗe su da ƙarfi, a kan abubuwan gidanku da sana'arka. Ka kuma fara karanta rubutun da ba shi da wasali da wuri, domin jarida da takardar asibiti da saƙon waya ba sa zuwa da fataha da kisira. Jam'in suna kuwa ka haddace shi tare da tilonsa, don ba ya bin ƙa'ida ɗaya, kamar dai yadda namu ma ba ya bi.

Sinanci

Wannan harshe ne da za mu ce a shige shi da dalili mai ƙarfi ko a ƙyale shi. Dalilan da suka isa su ne zuwa sari biranen Guangzhou ko Yiwu na ƙasar Sin akai-akai, aiki da kamfanin Sinawa a matsayin tafinta, ko karatun da za a yi da harshen. Wanda sau ɗaya zai je a shekara, tafinta da manhajar fassara sun fi masa arha.

Nahawunsa yana da sauƙi: babu jinsin suna, aikatau ba ya canza siffa. Nauyin yana wuri biyu. Na farko karin sauti. Sinancin Mandarin yana da kari huɗu, kuma Bahaushe yana da sa'a a nan domin harshensa ma da kari yake aiki, kunnensa ya san hawa da sauka. Amma sai an kula da shi tun makon farko. "Mai" da karin da ke nutsewa ya taso yana nufin saya, da karin da ke faɗowa yana nufin sayarwa. Huɗu da goma, wato "si" da "shi", suna rikita baƙo a wurin farashi. Masu koyo da yawa suna haddace kalmomi da rubutun boko na pinyin suna watsi da alamomin kari, bayan shekara sai su tarar Basine ba ya gane su, gyara kuma ya fi koyon farko wuya. Haka ma ƙirga: suna da kalma guda ta dubu goma, "wan", kuma da ita suke gina manyan lambobi. Dubu ɗari a wurinsu "wan" goma ne, miliyan "wan" ɗari. Ɗan kasuwa ya riƙa sa a buga masa adadi a kalkuleta ko da yana jin ya gane.

Na biyu rubutu. Babu baƙaƙe da za ka haɗa, kowace alama sai ka san ta. A tsarin jarrabawar Sinanci ta HSK mai mataki shida, mataki na huɗu yana da kalmomi 1,200, kuma shi ne jami'o'i da yawa suke nema ga mai digirin farko da Sinanci. Ɗan kasuwa zai iya taƙaita kansa ga magana da gane alamomin kaya da adireshi. Ka tabbatar Mandarin kake koyo da sauƙaƙaƙƙen rubutu na babban yankin Sin. Mutanen Guangzhou suna da nasu harshen, Kantonis, amma da Mandarin ake ciniki da baƙi. A Najeriya akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka.

Waɗanda suke jiran takardar gurbi

Turkanci da boko ake rubuta shi tun 1928, yadda aka rubuta haka ake karantawa, ba shi da jinsi. Abin da ke ba da wahala shi ne aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma ana jera ɗafe-ɗafe a bayan kalma har ta yi tsawo. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana haɗawa da shekara guda ta koyon harshe, haka ma na gwamnatin Koriya ta Kudu. Saboda haka babu dalilin kashe shekara biyu a kansu kafin a samu gurbin. Ka koyi gaisuwa da baƙaƙe, ka sa ƙarfinka kan sakamakon jarrabawa da takardun nema.

Jamusanci ya bambanta, shi tun daga gida ake neman shaidarsa: A1 ga mai bin miji ko mata, B1 ga yawancin masu neman koyon sana'a, B2 ga ma'aikatan jinya. Yana da jinsi uku, kuma ƙananan kalmomin da ke gaban suna suna canzawa gwargwadon aikin sunan a jimla. Kafin ka fara, ka duba aljihu. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma daga 2024 ana neman ɗalibi ya nuna Yuro 11,904 na guzurin shekara a asusu na musamman kafin biza. Wanda ba shi da hanyar wannan kuɗi ko tallafi, ya jinkirta Jamusanci.

Indiyanci kuwa, kowa ya san irin ƙaunar da muke yi wa finafinansu, kuma akwai waɗanda suka tsinci harshen daga kallo kawai. Don nishaɗi ya yi. Don karatu ko jinya a Indiya, da Ingilishi ake yi. Sifaniyanci da harshen Fotugal suna zuwa cikin sauƙi bayan Faransanci, don haka su biyo baya. A gefe guda, ɗan kasuwar da rabin harkarsa a Legas ko Ibadan take, Yarabanci zai fi masa duk waɗannan amfani, haka Fillanci ga mai zuwa Garwa da Marwa.

Gwajin mako biyu

Idan harsuna biyu suka rage maka kana ta wasiwasi, ka ba kowanne kwana goma sha huɗu, minti talatin kullum, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen kowanne ka duba abu uku: kwana nawa ka tsallake, ko sautin harshen yana yi maka daɗi a kunne, da kuma ko ka samu mutum mai rai da zai ba ka minti ashirin sau biyu a mako. Na ukun shi ne mai yanke hukunci. Zai iya zama ɗan Nijar mai shayi a layinku, ko malamin Islamiyya da ya yi karatu a Sudan, ko malama ta intanet. 'Yan'uwa mata da ba su da damar zuwa aji, musayar saƙon murya ta WhatsApp da malama ko ƙawa tana aiki sosai, kuma ta fi manhajojin hira da baƙi kwanciyar hankali, don a can ba kowa ne harshe ya kai shi ba.

Da ka zaɓa, ka tsaya kan ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, musamman harsuna masu kama da juna irin Faransanci da Sifaniyanci, waɗanda kalmominsu za su cakuɗe maka.

Awar nan ta kullum ka raba ta haka: minti ashirin darasi daga littafi guda wanda za ka bi har ƙarshe, minti goma sha biyar bitar kalmomi, minti goma sha biyar saurare, minti goma magana da ƙarfi kana ɗaukar muryarka a waya. Sababbin kalmomi goma a rana sun isa, a shekara sun haura 3,000. Masu ɗaukar hamsin a rana bitar ce take taruwa ta danne su a mako na uku. Manhajar Anki tana dawo maka da kalma daidai lokacin da kake shirin manta ta. Irin su Duolingo kuma suna taimakawa wajen sabo, amma danna amsa a waya ba ya koya wa baki magana. Wurin saurare akwai dabara mai sauƙi: RFI da DW da TRT da rediyon Sin duk suna da sashen Hausa. Ka ji labaran ranar da Hausa tukuna, sannan ka nemi irinsu da harshen da kake koyo, kunnenka zai kama fiye da yadda kake zato domin ka riga ka san zancen.

Jarrabawa kuwa kada ka yi gaggawar biyan kuɗinta. Sakamakon IELTS da TOEFL na Ingilishi da TCF na Faransanci shekara biyu yake aiki, mutane da yawa sun zauna da wuri sai takardar ta mutu kafin biza ko gurbi ya fito, dole suka sake biya. Ka ƙirga baya daga ranar rufe neman gurbin, ka zauna wata uku zuwa shida kafin nan, bayan ka gwada tsofaffin tambayoyi aƙalla sau uku da agogo a gabanka ka ga kana haye makin da ake nema. Harshe na biyu sai ya jira har na farko ya kai B1, lokacin da za ka iya rage shi zuwa minti ashirin na karatu da saurare a rana ba tare da ya zube ba.